Lipaz ɗin yayana 4,200, wai abin ya kai maƙura ke nan?

Ɗan Adar: Salamu alaikum jama'ar zaure, ina kwananku. Don Allah lokotorori da ke cikin nan ku taimaka mini, hankalina ba ya jikina. Yayana ne shekarunshi 47, daren jiya bayan isha ciki ya murɗe mishi nan saman cibiya, ciwon har ta baya yake fita, ga amai kamar zai fiddo hanjinshi, ba ya iya miƙewa sai dai ya duƙa ya rungume gwiwa. Mun ɗauka gyambon ciki ne har anka jiƙa mishi kanwa, da abu ya ƙi munka kai shi irjans, wato sashen gaggawa, nan Yamai wajen ƙarfe biyu na dare. Yanzu analiz ya fito, wani abu wai lipaz 4,200 kuma a gefe an rubuta na mai lafiya bai wuce 60 ba, na buga a waya ninki 70 ke nan. Matarshi tun da ta ji take kuka. Lokotoron ya ce pankireyatit ne ya wuce abinshi. Ku faɗa mini gaskiya kar ku ɓoye mini.

Maman Biyu: Subhanallahi. Allah ya tashi kafaɗunshi. Shi ne ciwon saifa ko?

Alhajin Katako: Allah ya ba shi lafiya. Ninki 70 ai ba wasa ba ne, ku nemi visa ku fidda shi waje tun da wuri

Lokotoron Gardi: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa ka fara shan ruwa ka zauna tukuna. Alhaji don Allah a bar maganar fita waje, mutumin da ke cikin awa 24 na farko ruwa yake buƙata a jijiya ba jirgi ba. Maman Biyu ba saifa ba ce, saifa tana can hagu ƙarƙashin haƙarƙari. Wannan pankireyas sunanta, wata tsoka ce doguwa kwance a bayan tumbi, ita ke yin insulin kuma ita ke yin ruwan da ke narkar da abinci a hanji. A cikin ruwan nan akwai lipaz mai narka kitse, amilaz mai narka irin su tuwo da shinkafa, sai tiripsin mai narka nama. Ƙa'ida tiripsin ba ya farkawa sai ya isa hanji. To in ya farka tun yana gida sai ya fara cin gidan, shi ne ciwon pankireyatit ɗin, daga nan sauran ruwan su tsiyaye cikin jini mu gansu a analiz. Abin da nake so ka riƙe shi ne lambar nan ta gaya mana sunan ciwon amma ba ta gaya mana girmanshi ba. Da 300 da 4,200 duk abu ɗaya suke faɗi, tun da sun wuce ninki 3 na iyaka.

Ɗan Adar: Dokta ban gane ba wallahi. To in zafin jiki 38 da 41 ba ɗaya ba ne yaya 300 da 4,200 za su zama ɗaya

Lokotoron Gardi: Ka ɗauki tulu biyu. Ɗaya cike fal da ruwa ya ɗan tsage, ɗaya saura ɗan ruwa a gindi amma ya fashe gida biyu. Wanne zai fi jiƙa ƙasa? Pankireyas mai lafiya da tsakuwa ta toshe wa hanya na ɗan lokaci ita ce cikakken tulun, ta zubo lipaz da yawa kuma sau da yawa kwana uku huɗu mutum ya tashi. Wadda ta daɗe tana lalacewa ba ta da abin zubarwa sosai, lambar ta fito ƙarama alhali mai ita yana cikin hatsari. Sannan lokacin da aka ɗebi jinin ma yana canza komai, lipaz tana fara hawa awa 4 zuwa 8 bayan fara ciwo, ta kai ƙololuwa wajen awa 24, ku kuma daidai lokacin hawanta aka ɗebi naku.

Alhajin Katako: To in lambar ba ta da amfani don me ake karɓar kuɗinmu. Ni ƙanin matata ya kwanta da irin wannan a wata kilinik, kowace safiya sai an rubuto lipaz, kwana shida muna biya, kullum a ce ta sauka ta sauka mu yi ta hamdala

Mai Labo: Alhaji ba a ce ba ta da amfani ba, a yi mana adalci. Ba don ita ba da yanzu ana can ana ba yayan Ɗan Adar maganin gyambon ciki. Amma zan faɗi gaskiya ko da tuwona ne, sau ɗaya ta isa. Maimaita ta kullum asarar kuɗi ce, don lipaz tana iya zama sama har kwana 8 zuwa 14 mutum kuwa ya warke yana cin abincinshi, kuma tana iya sauka mutum yana ƙara shiga wahala. Ni kaina in na ga bon na lipaz karo na huɗu a kan mutum ɗaya sai in ji kunyar karɓar kuɗin.

Alhajin Katako: Ashe dai an ci mu

Mai Labo: Ban ce haka ba fa Alhaji kar ka sa ni a baki 😅 wani lokacin ƴan'uwan mara lafiya ne ke matsawa a sake

Baba Manjo: Salamu alaikum ƴaƴana. Ni daga Tawa nike bin maganar taku. Ɗan Adar ɗana, ka aje takardar nan ka tahi bakin gadon yayanka ka amsa mini ukku. Ya yi fitsari tun da kunka zo, kuma nawa? Ka aza ido bisa ƙirjinshi ka ƙirga numfashi nawa yake yi cikin minti guda da agogon wayarka. Kuma in ka yi mishi magana shina amsa ka daidai ko shina ruɗewa? Mu lokacinmu amilaz kaɗai gare mu, ita ma ba kullum ba, in reyaktif ya ƙare sai ido da hannu. Na tuna wani bawan Allah da anka kawo muna bisa amalanke daga ƙauye kwana ukku da fara ciwo, amilaz tashi ta kusa komawa daidai, wani yaro sabon zuwa ya ce a sallame shi. Na ɗaga robar fitsarin na gani tun safe abin da ya taru bai cika finjalin shayi ba kuma ja kamar zoɓo. Na ce ba inda za shi. Ƙoda ce ta fara tsayawa. Tun daga ranar robar fitsari nike fara dubawa kafin takarda.

Ɗan Adar: Baba na gode. Na ƙirga numfashi 18, yana magana daidai har ya tambaye ni wa ya rufe shago. Fitsari ya yi sau biyu amma ban auna ba

Baba Manjo: Ka samu gorar ruwa wadda babu komi ciki, ta litir ɗaya da rabi, ya riƙa yi ciki kana ja mata layi da bik kana rubuta ƙarfe nawa. Namiji mai kilo 70 ana son ko ba komi ya ba da mililitir 35 kowace awa. Ka nuna ma masu jinya in sunka zo zagaye, za su ji daɗi

Mai Labo: Abin da Baba ya ce kan amilaz gaskiya ne, kwana 3 zuwa 5 ta koma gida, wanda ya makara zuwa sai ka rasa ta. Kuma ba pankireyas kaɗai ke yinta ba, kumatu ma inda yawu ke fitowa suna yi, shi ya sa yaro mai hangum amilaz ɗinshi ke hawa. Ciwon ƙoda ma yana ɗaga ta, hujewar hanji ma haka. Wani abin da ya taɓa ba ni kunya, jinin wani mutum na juya a santirifij ruwan saman ya fito fari kamar nono saboda kitse, amilaz kuwa ta fito daidai, ashe kitsen ne ke ɓata awon, kuma shi ne ma sanadin ciwon. In tirigiliserid ya haura giram 10 a litir shi kaɗai ya isa ya tada pankireyas.

Ƴar FSS: Salam. Dokta ka yi haƙuri in sa baki, amma kamar ka share anzim, wato sinadarai irin su lipaz da amilaz, gaba ɗaya. Mu an koya mana Ranson, wancan likitan fiɗa na New York da ya fitar da ma'aunin tsananin ciwon nan a 1974, abu 11 ne, biyar ranar shigowa shida bayan awa 48. A cikin biyar ɗin farko biyu anzim ne, LDH sama da 350 da ASAT sama da 250, sauran su ne shekaru sama da 55, fararen ƙwayoyin jini sama da 16,000 da sukari sama da giram 2 a litir. In mutum ya tara 3 ko fiye ana sa mishi ido sosai. Ma'aunin Glasgow na Imrie ma akwai LDH a ciki. Don haka ba za a ce anzim ba sa faɗin tsanani ba, sai dai a ce lipaz da amilaz ne ba sa faɗi

Lokotoron Gardi: Ƙanwata kin yi gaskiya kuma kin gyara mini magana, na karɓa. Amma ki lura ko shi Ranson ɗin bai sa amilaz a cikin 11 ɗin ba. LDH kuwa ba ta pankireyas ba ce, tana cikin kusan kowane nama na jiki, in ta hau tana cewa nama yana mutuwa a wani wuri, shi ya sa take da ɗan amfani. Matsalata da Ranson a gardi ita ce sai awa 48 ya cika, ni kuwa ƙarfe uku na dare nake son in san wa zan ba gadon reya, ɗakin masu ciwo mai tsanani, kuma biyu daga cikin na awa 48 sai da gaz na jini, wato awon iskar da ke cikin jini, ki gaya mini iyali nawa za su iya biya a wuri nawa ake yi

Ƴar FSS: To ai ba sai an cika 11 ba. LDH da CRP, awon da ke nuna kumburi a jiki, kawai ba su da tsada sosai, ni da zan samu dama a kansu zan yi tez ɗina

Mai Labo: Ƴar'uwa kafin ki yi tez ki zo labo ki ga yadda ake kawo mana jini. Tib ya yi awa biyu a aljihun ɗan rakiya cikin zafin Afrilu, ko an ja jinin da ƙarfi da ƙaramar allura, jajayen ƙwayoyin su fashe, su kuwa cike suke da LDH. Sai lamba ta fito sama ba don ciwo ba. Ki ƙara da mai amosanin jini da mai palu, wato zazzaɓin cizon sauro, su dama jininsu fashewa yake. A ƙasar nan lokacin damina LDH da CRP sai an yi hattara da su, palu kaɗai ta isa ta cilla CRP sama

Ƴar FSS: Wannan kam ban yi tunaninshi ba. Amma sai a cire masu palu daga lissafin ai

Lokotoron Gardi: Ki cire su a tez, ni a irjans ba na iya cire su 😄 CRP ina amfani da ita, amma mai jinkiri ce, sai awa 48 take nuna kanta, in ta wuce 150 a lokacin sai mu ƙara shiri. Ta ranar farko ba ta cewa komai. Abin da na fi dogara da shi daren farko shi ne ure da kireyatinin masu nuna aikin ƙoda, hematokirit, wato kason jajayen ƙwayoyi a jini, in ya haura 44 alamar jini ya yi kauri ruwa ya tsere, sai abubuwa huɗun nan na SIRS, wato alamun kumburi ya game jiki, zafi sama da 38 ko ƙasa da 36, bugun zuciya sama da 90, numfashi sama da 20, fararen ƙwayoyi sama da 12,000 ko ƙasa da 4,000. Biyu cikin huɗu in suka ƙi sauka har awa 48 to akwai magana. Akwai kuma ma'aunin BISAP na 2008, abu biyar ne kawai ana gamawa cikin awa 24, ure, ruɗewa, SIRS, shekaru sama da 60 da ruwa a gefen huhu. Ki duba babu anzim ko ɗaya a ciki.

Ƴar FSS: Amma akwai sababbi fa Dokta, tiripsinojen 2 na fitsari, da TAP wato ɗan guntun da ke ɓallewa lokacin da tiripsin ya farka, da elastaz na fararen ƙwayoyi, da interlekin 6. Su tun awannin farko suke hawa ba kamar CRP ba

Lokotoron Gardi: A takarda suna da kyau kuma hikimar TAP ta burge ni, don tana auna farkawar tiripsin ɗin kanta ba tsiyayar ba. Amma ko a Faransa ba su zama awon kullum ba balle mu. Wanda na ga yana shiga aiki shi ne purokalsitonin, shi ma can gaba ne in ana zargin mataccen naman ya kamu da ƙwayoyin cuta.

Baba Manjo: Ku yara kuna ta turanci mai ciwo na kwance. Ni dai abin da na sani ma'anar tsanani an yanke ta tun taron likitoci na Atlanta, 1992 sannan anka gyara 2012. In huhu ko ƙoda ko tansiyo ba su taɓu ba kuma ba wani abu da ya taru cikin ciki, mai sauƙi ne. In sun taɓu sun dawo kafin awa 48, matsakaici. In sun wuce awa 48 ba su dawo ba shi ne mai tsanani. Ko ritaya na yi ina karatu

Ƴar FSS: Baba mun sara maka 🙌

Na Bakin Kogi: Ni dai na ji ance ciwon nan na masu ɗaga kwalba ne. Ba zargi nake ba fa

Ɗan Adar: Malam ka ji tsoron Allah. Mutumin da ko sigari bai taɓa sa ma bakinshi ba. Matarshi tana cikin zauren nan tana karantawa

Admin: Na Bakin Kogi ka goge don Allah

Lokotoron Gardi: Ya bar shi ma don a amsa, mutane da yawa haka suke ɗauka shi ya sa wasu ke ɓoye ciwon. Giya sanadi ce babba gaskiya, amma tsakuwar matsarmama ita ce ɗaya babbar, sai kitse a jini, wasu magunguna, bugu a ciki, har tsutsar ciki in ta shige bututun. Ɗan Adar duba takardarka akwai ALAT, wadda kuma ake rubutawa TGP?

Ɗan Adar: Akwai, TGP 310. Ure an rubuta 0.28, hematokirit 41

Lokotoron Gardi: To ga anzim ɗin da ya yi mana aiki yau. ALAT ta hanta ce, in ta wuce 150 a farkon ciwon nan kusan kullum tsakuwa ce, wato tana nuna sanadi, ba tsanani ba. Ure da hematokirit ɗinshi suna da kyau. Ban ganshi da idona ba, lokotoron da ke kanshi shi ke da magana ta ƙarshe, amma ku tambaya a yi mishi eko na ciki.

Maman Biyu: Alhamdulillahi. Ni har na fara kuka tun ɗazu

Ɗan Adar: Jama'a ina kwananku, yau kwana biyu. Eko ya nuna tsakuwoyi ƙanana da yawa a matsarmama. Gorar Baba ta cika har mun sake wata. Kawunmu ya aiko kuɗi daga Kwatano ya ce lallai a yi sikanar yau, lokotoron kuma ya ce a jira, yanzu gida ya rabu biyu wasu na cewa don ba mu san kowa ba ne ake ja mana rai

Lokotoron Gardi: Lokotoronku ya yi daidai. Mataccen nama ba ya fitowa sosai a sikanar sai bayan awa 72 zuwa 96, in kun yi yau hoton zai iya fitowa da kyau ya yaudare ku, ga ruwan da ake ɗura wa a jijiya don hoton yana iya takura ƙoda. Mai sauƙin ciwo da ya kama hanyar warkewa ma sau da yawa ba ya buƙatarta sam. Ku riƙe kuɗin kawu akwai inda za su yi amfani

Alhajin Katako: Ni fa serom ɗin nake gani kamar ya yi kaɗan, ƙanin matata leda kan leda aka yi ta rataya mishi

Lokotoron Gardi: Da can haka ake yi Alhaji. Amma wani babban bincike da likitocin Sifaniya suka jagoranta aka buga 2022, tsayar da shi aka yi bai ƙare ba saboda waɗanda aka yi wa ɗurin ruwa da ƙarfi ruwan yawa yake musu, ba su kuma fi sauran warkewa ba. Yanzu serom ɗin Ringer ake sawa daidai gwargwado ana duba fitsari

Ɗan Adar: Wani abu ya ba ni tsoro daren jiya. Dattijon da ke gadon kusa da mu shi ma ciwon ne, ɗanshi ya nuna mini takardarsu shekaranjiya lipaz 500 da wani abu, har yana ba ni haƙuri wai namu ya fi nasu. Wajen asuba numfashinshi ya canza yana ja da sauri kamar wanda ya yi gudu, yana kiran sunan mutanen da ba sa wurin, aka gungura shi reya. Tabarmar ɗan da butarshi har yanzu suna nan ƙarƙashin gado bai dawo ya ɗauka ba

Baba Manjo: Allah shi ba shi lafiya. Ka naɗe mishi tabarmar ka aje

Ƴar FSS: Amin. Da za a san LDH ɗin dattijon na ranar farko wallahi da na so in gani

Mai Labo: Ke dai da LDH ɗinki 😂

Ɗan Adar: CRP na awa 48 ya fito 88. An ce ya fara shan koko kaɗan kaɗan, ya sha bai yi amai ba. Amma sun ce matsarmamar sai an cire ta kuma sun fi son kafin a sallame shi, shi kuwa ya ce ba mai yanka shi tun da ya ji sauƙi

Lokotoron Gardi: Ku lallashe shi. Ƙananan tsakuwoyin nan su suka fi saurin gangarowa su sake toshewa, kuma ba wanda zai yi mishi alkawarin na biyun zai zo da sauƙi irin wannan. Mutum yana rayuwa lafiya ba matsarmama

Baba Manjo: Ka ba ni lambarshi ta pirive in kira shi da kaina bayan la'asar, mu tsofaffi mun san yadda muke magana da juna

Ɗan Adar: Baba shekarunshi 47 fa 😅 to na turo. Dokta tambaya ta ƙarshe, surukarshi ta iso yanzu daga Tawa da kwanon romon kan rago da man shanu wai ya maida jini, tana tsaye a kaina, in ce mata me

Lokotoron Gardi: Ka ce ta gode Allah ta kawo wa masu jinya. Kai ka shanye, shi koko